Adama, Na Ga Alamar a Jininki Ban Kira Ki Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Adama a wani asibiti a Funtua, tana da shekara ashirin da tara, bayan ciwon sikila ya tashi mata kwana huɗu.

Adama, duk garinmu Tsiga an san ki da abu guda. Idan aka haifi yaro mai irin ciwonki, ke ce kike fara sallama a gidan. Ki zauna da uwar a tabarma, ki koya mata yawan ba shi ruwa da rufe shi in an yi sanyi. Malam Shitu, mijinki, ya ce ba ya iya ƙirga samari da 'yan matan da kika lallasa suka yi gwajin jini kafin aure.

Aikina a Zariya shi ne auna ƙarfin da ƙwayoyin jini suke manne wa bangon jijiya da shi, domin wannan mannewar ce take toshe hanyar jini, ciwo ya tashi. Mukan zuba jini a siririn gilashi da aka shafe kamar cikin jijiya, mu tura ruwa a kai, muna ƙara masa ƙarfi, muna kallo a madubin ƙara girma har ƙwayoyin su saki. Da kika ji ina neman masu ba da jini, ba ki jira na roƙe ki ba. Shekara biyu, duk wata, ki hau babur zuwa Funtua, ki shiga mota, ki zo ki miƙa hannu.

Ran da na nuna miki ƙwayoyin jininki a madubin, kin daɗe kina kallo, sannan kika yi dariya kika ce, "Yaya, ashe har jinina ba ya son rabuwa da mutane."

Jinin da kika bayar a ƙarshen Satumba ya riƙe gilashin ninki uku na yadda ya saba. Zan faɗi gaskiya a nan, tunda ban faɗa miki ba: murna na yi. Sakamakon ya dace da takardar da zan gabatar a wani taro a Abuja. Na rubuta lambarki a jadawali, ban ɗauki waya ba. Sau biyu kika kira ni a cikin makon, na ce ina cikin aiki, zan neme ki.

Abokan aiki suna ta ce mini awon bai kai matsayin da za a dogara da shi a ce ciwo na tafe ba. Haka ne. Amma ce miki ki huta, ki bar zuwa gonar masara, ki je likita ya duba ki, wannan ba ya bukatar hujjar kimiyya. Ɗan'uwa yake bukata, ni kuwa ban zama shi ba.

Da na iso gida, an riga an kai ki makwancinki. Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Awaisu, ta ce a gaya maka kada ka daina aikin." Na kasa kallon fuskarta.

Ki yafe mini, Adama. Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da Malam Shitu, da 'yarki Ummukulsum, da iyayen yaran Tsiga da suka yi rashin mai zama da su. Allah Ya ba mu haƙuri, ni kuma Ya gafarta mini. Amin.