Busa ta Biyu

Ƙamshin toka da lemun tsami ne ya tashe ni a ranar. Baba yana zaune a tsakar gida a kan kifaffen turmi, yana goge begilarsa da tsumma. Rediyo na gefensa yana sakin kiɗan garaya ƙasa-ƙasa. Umma tana dama koko. Ƙanwata Rabi tana neman ɗankwalinta. Babu abin da ya bambanta safiyar da sauran.

Mahaifina, Kofur Sale, tsohon soja ne, amma ɗan badujala. Busa begila ne aikinsa, idan kuma wuta ta yi wuta a fagen daga su ne masu ɗauko waɗanda suka ji rauni. Da ya ajiye aiki ya dawo Wudil da begilar, da wani dogon akwatin ƙarfe kore da ya tura ƙarƙashin gado. Yana son kiɗa kamar yadda wasu ke son goro. Da busa yake tashinmu, da busa yake kiranmu cin abinci. Akwai kuma wata gajeriya mai sauri da yake kira ja-da-baya. In ya busa ta, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya fita ta ƙofar baya zuwa garka. Mu a wurinmu wasa ne. Wadda ta zo ƙarshe ita ke wanke kwanuka.

Tun da gwiwoyin Umma suka fara ciwo, shi ke ɗebo ruwa, shi ke shara, wani lokacin har wanke-wanke. Mazan layinmu ba su yafe masa wannan ba. Majalisarsu a dakalin Alhaji Garba take, maƙwabcinmu na jikin katanga. Nan suke wuni suna auna mutuncin masu wucewa. A bayan idonsa maroƙi suke ce masa, a gabansa kuma mijin-ta-ce.

"Kofur, yau ma kai ne a bakin murhu?"

"Ni ne, Alhaji. Hajiya ta ce in ka koya za ta riƙa ƙara maka nama."

Amma akwatin nan suna ƙaunarsa. Su suka ƙirƙiro cewa bindiga ce a ciki, su suka kai zancen kasuwar Juma'a. "Layinmu ɓarawo ba ya shiga, muna da soja." Da wannan ƙaryar suke barci har da minshari.

Ƙarfe tara rediyo ya katse kiɗa ya faɗi sakamakon zaɓe. Baba ya ajiye tsumman. Ƙarfe goma hayaƙin taya ya taso daga wajen babban titi, baƙi, mai ɗaci a maƙogwaro. Sai ƙarar ƙofofin shaguna ana jan su, ɗaya bayan ɗaya, tana matsowa. Na leƙa ta zaure. Dakalin Alhaji Garba babu kowa. Takalmin wani yana nan, da butar shayi a kan gawayi tana tafasa ita kaɗai.

Ana gab da kiran azahar muka ji su. Fito da ihu, da ƙarar adda ana karta ta a jikin ƙyauren mutane. Na hange su ta ramin ƙofa. Yara ne da aka saya da ƙwaya. Wani ya rataya sabon zanen mata a wuya, wani yana rungume da fankar da ya kwaso yana gudu da ita. Ba na jin rabinsu sun san wanda ya ci zaɓen. Ba su yi dube-dube ba. Kai tsaye ƙofarmu suka nufo.

"Gidan sojan ke nan! A fito da bindiga!"

Baba ya ja turmi da buhun masara ya tokare ƙyauren zaure. Umma ta riƙo hannun rigarsa.

"Malam, buɗe musu akwatin su gani da idonsu."

"Wanda ya zo neman bindiga ba zai koma da kaset ba."

Ya ɗaga begila ya busa ja-da-baya. Ƙafafuna suka amsa kafin hankalina. Na tsinci kaina a ƙofar baya, Rabi a gabana, ludayin koko a hannuna ban san lokacin da na ɗauka ba. Umma ce ta tsaya. Ya dube ta, kafaɗarsa a jikin ƙyaure, ƙyauren yana tsalle.

"Binta, umarni ne. Tafi!"

Ban taɓa jin ya kira sunanta ba sai ranar.

Muka ratsa garkar albasa. Muka faɗa cikin rake, ganyensa yana yankar mana hannuwa. Umma tana tsakaninmu, kowacce ta ɗauki hannu ɗaya a wuya. Ba ta yi kuka da gwiwarta ba ko sau ɗaya. A fadama muka haɗu da wasu mata da yara, ba wadda ta gaida wata. Daga bayanmu muna jin dukan ƙarfe a kan katako, yana raguwa.

Mun kai yashin bakin kogi ana sallar azahar a wani masallaci can nesa. A nan muka ji busa ta biyu. Ba mu san ta ba. Doguwa ce, tana hawa kamar mai ɗaga hannu sama, ta tsaya can a ƙololuwa ta daɗe. Ta yi shiru. Ta sake tashi. A karo na uku ta karye a tsakiya. Umma ta zame daga hannunmu ta zauna a kan yashi mai zafi. Wasu balbelu suna kiwo a gefen ruwa, ko kai ba su ɗaga ba.

Wani dattijo mai amalanken shanu ya ɗauke mu bai tambaye mu komai ba. Bayan magariba muka isa Kausani, gidan Kawu, yayan Umma. Har lokacin ludayin yana hannuna. Sai da matar Kawu ta ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya.

Ranar Laraba muka dawo. An riga an binne shi. Akwatin yana yashe a tsakiyar layi, an fasa shi da gatari. Kakinsa na soja a cikin kwata. Kaset-kaset ɗinsa an tattake su, zarensu ya naɗe a rassan darbejiya yana ƙyalli in iska ta kaɗa. Begilar ba mu sake ganinta ba.

Majalisa kuwa ta dawo, ta tare a kan tabarminmu. Kwana uku suna karɓar gaisuwa kamar su aka yi wa rashi. Alhaji Garba ne a gaba, da carbi mai doguwar wutsiya, yana ba baƙi labarin jarumtar maƙwabcinsa. Ni ke kai musu kunu. Ina sunkuye ina ajiye kwano na ji wani ya rage murya: "Allah ya jiƙansa, amma akwai ganganci. Ana kashe-kashe kana busa? Maroƙi dai maroƙi ne." Suka gyaɗa kai irin na masu hikima. Suka shanye kunun tas.

Ba mu da hotonsa yana busa. Ba mu da muryar begilar a ko'ina. Umma ta koma ɗebo ruwa da gwiwoyinta. Rabi ta daina cin abinci in ba a kira ta sau biyu ba. Ni kuma busar nan ta biyu ta zauna mini a baki, ina rera ta ba tare da na sani ba.

Na gama jami'a, Alhaji Garba ya rasu, sannan wata rana ina shanya a tsakar gida ina rera ta, matarsa Hajiya Ladi ta shigo aron rariya. Ta tsaya cik.

"Don Allah 'yar nan, daina."

Ta zauna a bakin rijiya ta faɗa mini. Ana saura mako guda zaɓe, mazan layin sun taru a zauren mijinta. Baba ya gaya musu ƙarara babu bindiga a akwatin, abin da ke akwai shi ne yawansu. Ya koya musu busar, ya ce duk wanda ya ji ta ya fito da abin da ke hannunsa, ko taɓarya ce. Suka ce sai dai a mutu tare. Suka shafa Fatiha.

Ta ce da busar ta tashi mijinta yana ɗaki. Ya ce ta saka sakata, ya ƙara muryar rediyo.