Neman Muryar Lawali a Faifan Mutane

Shekara goma sha uku ke nan da sanƙarau ya ɗauke yayana Lawali, mai ɗaukar bidiyon biki da suna a Tasawa. Allah Ya jiƙansa. Masu irin wannan rubutu da yabo suke farawa. Ni kuwa sai ku yi mini haƙuri, domin da haushinsa na zauna rubutun nan, kuma haushin bai gama sakina ba.

Innarmu tana Hawandawaki, ido ya kusa tafiya, ƙafa ma ta ƙi. Lawali ne ɗan farinta, don haka tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko ranar da ya rasu ba ta yi kuka gaban mutane ba. Da bazarar da ta wuce na kai mata hatsi, ina shirin hawa moto, wato babur, sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Wai wancan na Tasawa, duk yawon da ya yi da na'urar nan, babu inda muryarsa ta rage?" Na ce, "Haba Inna, ai wannan mai sauƙi ne." Wallahi har zuciyata na ɗauka mai sauƙin ne.

Na manta da halin wanda nake nema. Lawali in ya dawo daga biki, sai ya zuba kaset ɗin a ordinatar, kwamfuta ke nan, ya zauna montaji, wato yanka da jerawa. Inda hannu ya girgiza, ya datse. Inda wani ya gitta gaban kyamara, ya datse. Inda tasa muryar ta shiga, yana cewa a matsa ko a ɗaga kai, nan ne ma ya fi saurin datsewa, wai muryar mai ɗauka datti ce a cikin aikin mutane. Ƙarshen kowane sashe kuma ba ya yarda hoto ya katse kwatsam. Sai ya sa ya dushe sannu a hankali har ya koma baƙi, sautin ma ya bi shi ya sauka. Shi yana cewa fondu, mutanen ƙauye suna cewa Lawali ya faɗar da rana. Na sha ce masa wa zai lura da wannan wahala, sai ya ce mini in koma lakwal inda nake koyarwa in ji da ɗalibaina.

Shekarar yunwar nan da sojoji suka karɓi mulki, almakashinsa ya yi aiki fiye da kullum. Uban amarya zai biyo shi shago ya ce a cire inda maroƙi ya wasa wani babba na gwamnatin da ta faɗi, kada a gani a zo ana tambaya. Wani ya ce a cire inda aka fito da tuwo, domin kwanonin ba su kai rabin baƙi ba. Lawali bai taɓa tambayar dalili ba. Wanda ya kalli faifan bikin shekarar nan zai rantse an yi damina mai kyau, alhali ni na san rumbunan gidajen. Rufin asiri yake yi wa mutane, kuma ya iya.

Yau ga sojoji sun dawo, ga damina tana yi mana rowa, sai nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda ake yi. Kowa da waya a hannu, kowa mai montaji ne. A ɗauki tsohuwa tana karɓar tiyar gero ta taimako, a ɗora kiɗa, a watsa wa duniya fuskarta. Mai ɗaukar kuma shi ne a gaba, ya cika hoton da haƙoransa. Na san Lawali zai yi tsaki ya tashi. Amma ni da nake neman muryarsa, na kama kaina ina cewa da ma ya ɗan yi irin nasu rashin kunyar, ko sau ɗaya.

Kaset ɗinsa na asali babu, domin sabo tsada gare shi, kan tsoho yake sake ɗauka. Ordinatar ɗin an sayar bayan rasuwarsa, wanda ya saya ya goge komai. Sai na shiga bin gidaje ina aron faifai, daga Tasawa zuwa Mayahi har garin Sarkin Hausa, esansi yana ƙarewa a tankin moto, yashi yana kayar da ni. Wani gidan su ce faifan ya karce. Wani gidan na tarar an rataye shi a gona yana korar tsuntsaye. Waɗanda suka yi aiki na zauna na kalle su daga farko har ƙarshe: amare, raguna, tsofaffin da suka riga mu, duk ga su tsaf. Shi kuwa ko tarinsa babu. Kai, akwai ranar da na buga tebur na ce, wannan wane irin mutum ne, ya adana kowa ya share kansa!

Na kusa haƙura sai wani Bafulatani abokinsa, Hammadu, ya tare ni a kasuwar Mayahi. Da can rugarsu tana kusa da ƙauyenmu. Ya ce yana da faifan sunan ɗansa na shekarar yunwar, lokacin da shanunsa suka ƙare. Na kai gida na saka. Aikin Lawali ne sak, ko ramar ragon ba ka gani. Aka zo ƙarshe, hoto ya dushe ya koma baƙi, na miƙa hannu zan cire. Ashe ya dusar da hoton ya manta bai saukar da sautin ba. Cikin baƙin nan na ji Hammadu yana cewa ya zo ga fura. Sai ga muryar yayana: "A'a Hammadu, bar wa yara. Na ci a gida, alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Shi ke nan abin da ya rage. Kuskure ɗaya, wanda da ya lura da shi da tuni ya datse. Na daɗe ina auna abin. Gidaje da yawa a ƙasar nan suna kallon iyayensu cikin mutunci saboda hannunsa, ba su ma tuna wa ya ɗauka ba, kuma haka ya so. Ban ce ya yi daidai ba. Yana da uwa, ya kamata ya bar mata wani abu da gangan.

Na sa aka juye mini wurin a waya, na kai Hawandawaki. Na ce, "Inna, babu hoto fa, baƙi ne kawai." Ta ce ita da baƙi ai sun saba, in sa. Na sa. Ta kara wayar a kunne, ta ce in sake. Na sake. Sannan ta miƙo mini wayar.

"Sunan gidan Hammadu ne," ta ce. "A gidan nan ya kwana, daga nan ya tafi sunan. Ƙarya yake yi. Ranar nan ban ɗora tukunya ba."