Abin da Malam To Ya Faɗa wa Kwamfuta

Malam To ya samo sunansa ne daga bakinsa. Tun yana ƙarami a shagon gyaran rediyo na mahaifinsa, duk abin da aka ce masa amsarsa ɗaya ce: "To." A aike shi cikin rana, to. A ƙwace masa wurin zama, to. Ya girma, ya yi karatun kwamfuta, ya yi aure, Allah ya ba shi 'yan biyu mata, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma bakin nan bai ƙaru da komai ba. A taron 'yan unguwa, inda kowa ke kumfar baki kan ruwa da wuta da ramukan titi, shi bencin baya yake zama ya harɗe hannu, in an tashi ya taya kwashe kujeru. Matarsa malamar jinya ce, magana kuwa tana yin ta mutum uku. Takan ce da ta sani da rediyon babansa ta aura, ko ba komai shi ana murɗa shi ya ce wani abu.

Kamfanin da yake aiki yana hawa na biyu, saman wani kantin tayoyi. Ɗaki ne dogo mai tebura takwas da fanka mai kuka, inda ake rubuta manhaja. Mutanen ɗakin nan ba su da abin faɗa a kan gwamnati, amma ka ce musu allon kwamfuta mai farin baya ya fi mai baƙi, sai a yini ana musu har a daina gaisawa. Duk wata shida sai wani ya shigo da sabon kayan aiki, ya rantse cewa ƙarshen wahala ya zo. Bayan wata shida shi ne zai fara tsine masa. Kowace safiya sukan yi taro a tsaye, wai don kada ya yi tsawo, sai a kai awa guda ana canza ƙafa. A kan kowane tebur akwai 'yar agwagwar roba, domin sun yarda cewa in aiki ya cije maka, ka yi mata bayani da baki, sai ka gano kuskurenka. Agwagwar Malam To ce kaɗai ba ta taɓa jin muryar mai ita ba.

Aikinsa guda ne, shekara goma sha ɗaya: manhajar hukumar ruwa. Ita ce wadda mutum zai buɗe a waya ya kai ƙorafi in bututu ya fashe ko famfo ya ƙafe. Shi ya fara ta shi kaɗai, lokacin kamfanin bai wuce tebur biyu ba. Saboda haka babu wanda ya kai shi sanin tafiyar ƙorafi: ya san yadda yake tashi daga waya, ya isa ofis cikin ƙiftawar ido, ya sami jan tambari, sannan ya kwanta a kan tebur ɗaya ya yi ta barci.

A wannan sana'a akwai ƙa'ida. Duk gyaran da ka yi, kome ƙanƙantarsa, sai ka ajiye shi a rumbun manhajar tare da ɗan bayani: me ka canza, kuma don me. Rumbun yana liƙa sunanka da kwanan wata, ba ya kuma mantuwa. Sauran ma'aikata sukan rubuta "gyara", ko "wani gyara", ko "don Allah ki yi aiki". Malam To bayani yake yi tsaf. Sai wata rana a shekararsa ta biyu, ya zo ofis ba wanka, ya gama bayaninsa, hannunsa ya ƙi tsayawa:

"Na gyara maɓallin aika hoto. Yau kwana tara babu ruwa a layinmu."

Ya duba dama ya duba hagu. Rufi bai faɗo ba. Tun daga ranar ya sami abokin hira.

"Na ƙara girman rubutu saboda tsofaffi. Kansila ya zo da masu ɗaukar hoto ya buɗe kwalbatin da ya buɗe bara."

"Na rage nauyin taswira. An ɗauke wuta sau huɗu kafin in gama. In ta ƙi aiki a tambayi masu wuta."

Babu mai karantawa, ko in ma an karanta sai a yi murmushi a wuce. Da abin ya tsaya a kan kansila da masu wuta, da sauƙi. Amma teburin nan da ƙorafi ke barci a kansa na Daraktan rabon ruwa ne, Darakta kuwa yayan matarsa ne. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, shi ya tsaya mata har ta gama makaranta, kuma har gobe in ya kira ta a waya miƙewa take yi ta amsa. Mutum ne mai kirki a gida, mai muryar da ke cika falo, ba ya zuwa hannu rabbana. A gabansa Malam To ko "to" ɗin ma a hankali yake faɗa. A rumbu kuwa ya raɗa masa suna Guga, don rijiya ta bayar shi ya hana.

"Na saka ƙararrawa ga ƙorafin da ya wuce mako. Guga zai kashe ta."

"Guga ya kashe ta. Na cire."

Haka aka yi ta tafiya har wata Litinin, da Manaja ta tsayar da taron safe da takarda a hannu. Manaja mace ce mai saurin magana, ba ta son kwana-kwana. Ta ce kwangila ta ƙare, hukuma ta ɗauki injiniyoyinta, ranar Alhamis za a miƙa musu rumbun gaba ɗaya, kuma kamfani ba zai riƙe ko kwafi ɗaya ba, za a zo a duba kwamfutoci. Aka watse. Ta yafito Malam To.

"Malam, rahoton karɓar kaya teburin surukinka zai je. Ni na san wane ne Guga, kuma duk wanda ya karanta layi uku zai sani."

Ya ce, "To."

"Ba to ba ce. Na duba ko za a iya share bayanan a bar sauran. Ba zai yiwu ba. Ka sa sunan Guga a tsoffin shafuka, ka sa shi a sunayen gwaji, har wani tsohon ɓangare ka taɓa raɗa wa suna jiran Guga. Ajiya dubu tara da ɗoriya, kwana uku ba za su isa tsincewa ba, ɗaya kuma in ta tsira ta wadatar. Hanya biyu ce. Ko a miƙa yadda yake, ko a dunƙule tarihin duka ya koma layi ɗaya da sunan kamfani. In an dunƙule, babu sunan kowa, babu kwanan wata. Kusan duk aikinka ne, kai za ka zaɓa."

Da yamma ya tarar da matarsa tana guga a tsakar gida, wato ta kayan makarantar 'yan biyu, ya tsaya yana murza makullin babur. Bayani ya ɗauke shi lokaci, don ba sabonsa ba ne. Ta ajiye dutsen guga a tsaye.

"Baban 'yan biyu, kai? Kai da ko sauro ba ka yi wa tsawa? Shekara goma sha ɗaya ina roƙon ka magana, ashe can kake zazzage ta!"

"Ba zagi ba ne. Bayani ne."

"Yayana ka kira guga! Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni asibiti ina shekara shida. In ya karanta, da wane ido zan dube shi? Ka goge. Don girman Allah ka goge, ko me za a rasa."

Idonta ya kawo ruwa, shi kuma bai taɓa iya kallon haka ba. Ya ce, "To."

Ranar Laraba da hantsi, kafin ya dunƙule tarihin, ya ce bari ya ɗan leƙa. Nan ya yi kuskure. Ya yi ta jan shafi ƙasa, shekara na bin shekara. Ya ga ranar da aka fara kwalta a layinsu da ranar da aka tsaya a rabi. Ya ga inda ya rubuta, "Na gyara agogon rahoto. An haifa mini mata biyu da asuba. Ƙaramar ta fi kuka." Ya yi dariya shi kaɗai. Can ƙasa ya tarar da wanda ya manta ya rubuta:

"Ban canza komai ba. Baba ya rasu jiya. Ya tambaye ni sau da yawa me nake yi a wurin aiki, na ce zan nuna masa."

Ya daɗe yana kallon layin. Fanka tana ta kuka, a bayansa mutum biyu suna musu kan wani sabon kayan aiki. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya gane cewa duk maganar da ya taɓa yi a duniya a nan take, ba ta da wani gida. Ya share hanci, ya rubuta umarnin. Ko minti ɗaya bai cika ba. Shekara goma sha ɗaya ta koma layi ɗaya: "Miƙa aiki."

Alhamis ta zo ta wuce lafiya. Matarsa ta sami barci, ta riƙa zuba masa shayi da madara fiye da ƙa'ida.

Bayan mako biyu, ranar Asabar, Yaya Darakta ya kawo ziyara da ledar lemo da takalma wa 'yan biyu. Ya zauna a kujerar maigida, yadda ya saba, ya yi tambayar makaranta da ta asibiti. Sai ya gyara murya, fuskarsa ta cika da tausayi.

"Ƙanena, akwai maganar da ke damuna. Da aka kawo kayan nan, na ce wa injiniyoyina su nemo mini sunan surukina, in yi alfahari a gaban shugaba. Suka duba sama da ƙasa. Ko sau ɗaya babu." Ya girgiza kai. "Shekara goma sha ɗaya ba su bari ka taɓa komai ba? To me kake yi musu?"

Malam To ya buɗe baki, ya duba hannuwansa. "Ina ɗan taimakawa, Yaya."

"Na sani. Mai haƙuri shi ake hawa. Kada ka ji kunya, ba kowa Allah ya ba kan wannan aikin ba. Akwai gurbi a ofishina, na mai jera fayil. Ba wuya, ba tunani. Ka fara wata mai zuwa."

"To. Na gode, Yaya."

Matarsa tana bakin ƙofa da faranti a hannu. Ta dubi mijinta, yana zaune a gefen kujera a cikin falonsa, yana godiya. Ta dire farantin da ƙarfi har cokula suka yi tsalle.

"Yaya, shi ya gina ta. Tun daga tushe, shi kaɗai. Sunansa ya fi sau dubu tara a ciki. Ni na sa shi ya goge."

"Ke? Don me?"

Malam To ya yi mata alama da ido, ya yi da gira, har da ƙafa. Ina! Bakin da ya riga ya buɗe.

"Don a ciki ya kira ka Guga. Kuma Yaya, ka yi haƙuri, ni ma da jarka nake wanka."

Yaya Darakta ya dubi ƙanwarsa, ya dubi surukinsa kamar yau ya fara ganin sa. Ya ɗauki hularsa da makullin mota, ya ce a gaida yara, alhali ga su nan tsaye a gabansa, ya fita. Suka ji motar ta tashi da ƙarfi fiye da yadda ta zo.

Ta zauna a inda yayanta ya tashi, ta rufe fuska da mayafi. "Na kashe mu. Ba tsuntsu ba tarko. Ka goge a banza, ni kuma na rasa Yaya."

Gaskiya ta faɗa, ya kuma sani. Tarihin ba zai dawo ba, Yaya kuwa sai an kai ruwa rana kafin ya sake taka gidan. Ya kamata ransa ya ɓaci. Amma wani daɗi ne ya cika masa ƙirji, irin wanda bai taɓa ji ba, har ya ji kunyar kansa. Ya matso kusa da ita, ya ja bakin mayafin a hankali.

"Maman 'yan biyu."

"Mene ne kuma?"

"Abin nan da kika gaya masa da farko. Cewa ni na gina ta." Ya dubi 'yan biyu. "Ki sake faɗa, yaran su ji."