Kararen da Idris Ya Binne

Alƙasim Sha'ibu maginin rihewa ne a Ibohamane, irin rumbun nan na laka mai ciki kamar tulu. An haife shi a 1961. Yana saurayi ya ɗauki dutse a aikin gyaran ƙasa na Keita, ya haƙa ramukan rabin wata a kan fako don tare ruwan sama, daga baya ya koma sana'ar ubansa. Na san shi ne a gindin itacen bedin da ke bayan mairi, ofishin magajin gari, inda nake aikin rubuta takardun haihuwa. A nan dattawa ke yin dara bayan la'asar, ni kuma ina tsayawa kallo in na tashi aiki.

Darar wurin ramuka talatin ce a cikin rairayi. Ɗaya yana wasa da karare goma sha biyu, ɗaya da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokinsa. Suna da wata ƙa'ida tasu. Wanda aka cinye bai ci ko ɗaya ba, sai a binne kararensa a gindin bedin, kuma ba zai sake zama ba sai wanda ya binne su ya tono da hannunsa. Yawanci washegari ake tonowa, bayan an sha dariya an sha shayi.

Babban abokin karawar Alƙasim shi ne Idris, dillalin albasa, ɗan kawunsa. Taubasai ne ke nan, ɗan mace da ɗan namiji, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a kai ƙara, ba a nuna fushi. A dara Alƙasim ya fi shi, Idris kuwa mutum ne da ba ya iya barin abu in ya gagare shi.

A damanar 2019 tansiyo, wato hawan jini, ya kayar da Alƙasim a bakin wata rihewa da yake yaɓe. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta yi nauyi. Da rani ya fito da sanda, ya zo gindin bedi, aka matsa masa ya zauna. Idris ya ce shi zai fara da shi. Alƙasim yana ɗaukar kara da hagu yana faɗuwa, yana sa shi a ramin da bai yi niyya ba, Idris kuwa bai bar shi ya gyara ko sau ɗaya ba. Ya cinye shi tas. Sannan ya tattara kararen, ya haƙa rami da dunduniya, ya binne, ya take.

"Bawana, hannun bai tahi shi ɗai ba," in ji shi. "Ya tahi da kan."

Wasu sun yi dariya, wasu sun duƙar da kai. Malam Abdurrahman, wanda shi ne babba a wurin, ya ce wasan taubasai ne, babu mai shiga. Washegari Idris bai tono ba. Mako ya wuce, wata ya wuce. In an tuna masa sai ya ce tausayi yake ji, bai kamata a wahalar da mara lafiya da lissafi ba. Maganar ta bi gari. Mutane suka fara yi wa Alƙasim magana da ƙarfi a hankali, kamar kurma, wasu ma in suna son sanin lafiyarsa sai su tambayi matarsa Dije alhali yana zaune a wurin.

Fushi kuwa Alƙasim ba shi da halin yi, domin wanda ya yi fushi da taubashi shi ake yi wa dariya. Ya gaya mini daga baya cewa tun lokacin ya san da wasa aka yanke shi, da wasa kuma zai rama.

A likitar mishan da ake kai shi awo akwai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Lois. Ita ta ba shi kwalin alimeti, wato ashana, ta ce ya riƙa jera tsinkayen yana fitar da siffofi, yana ɗauke biyu ko uku don siffar ta sauya, saboda yatsu su motsa, kai ma ya motsa. Ta kuma nuna masa wasan zane: a zana siffa ba tare da ɗaga yatsa ba, ba tare da bin layi sau biyu ba. Da farko ya ce aikin ƴan lakwal ne, yaran makaranta. Amma zaman gida ya yi masa yawa, sai ya share ƙasa a gindin rihewarsa ya fara. Dije ta ce wani lokaci fura takan yi tsami a gefensa bai sani ba.

Shekara biyu yana haka. A cikinsu ya gano abin da ba wanda ya koya masa. In yatsa ya shiga kusurwa dole ya fita, saboda haka layukan da suka haɗu a kusurwa sai sun zama bibbiyu. Kusurwar da layinta ya yi mara, kamar uku ko biyar, ko dai a nan aka fara, ko a nan za a ƙare. Tafiya kuwa farko ɗaya gare ta, ƙarshe ɗaya. Siffar da ke da irin wannan kusurwa fiye da biyu ba ta zanuwa, ko wa ya gwada. Ya riƙe wannan a cikinsa, ko Lois bai gaya wa ba.

Bayan girbin 2022 ya dawo gindin bedi. Bai nemi zama a dara ba. Ya samu gefe, ya share ƙasa, ya zana ɗaki mai kusurwa huɗu, ya ratsa shi da layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ɗora rabin wata a gefe ɗaya. Ya yi ta bin sa da yatsa yana gogewa, kamar abin ya gagare shi. Idris ya leƙo, ya tambayi me bawansa ke tonawa kamar kaza. Da aka faɗa masa ƙa'idar, ya tsuguna, kafin a sauke shayi ya zana. Aka yi masa tafi.

Mako na gaba Alƙasim ya zo da mai rabin wata biyu, Idris ya zana. Mai uku ya ɗauke shi yini guda, ya zana, ya bi kasuwa yana ba da labari. Ranar da aka zo na huɗu, rabin wata a kowane gefe, Alƙasim ya goge da tafin hannu kafin Idris ya gama gani.

"Bar wanga, taubashi. Ba na dillalai ba ne."

"Mai da shi," in ji Idris. "In ban zana shi ba kafin Juma'a, a kira ni bawanka a masallaci."

Juma'a ta zo ta wuce. Idris ya daina zama dara, yana gefe yana zane. Kullum layi ɗaya ke rage masa, kuma wannan ɗayan shi ya riƙe shi. Ya zana a ƙasa, ya zana da gawayi a bangon shagonsa, ya zana a ƙurar jikin motar albasa direba yana jiransa. An gan shi bayan sallar asuba a ƙofar masallaci yana bin tabarma da yatsa, leɓɓansa na motsi. Wani mai gona daga Buza ya zo ciniki, ya yi sallama sau da yawa bai amsa ba, ya koma ya ce Idris ba lafiya. Kafin zafi ya shigo, a Ibohamane an fara yi wa Idris magana da ƙarfi a hankali.

Alƙasim yana zuwa kowace la'asar ya zauna kusa da shi. In Idris ya kusa haƙura, sai ya ce kai, saura kaɗan, jiya ma ya fi kusa.

Malam Abdurrahman ne ya ga abin ya isa. Ya ce wa Alƙasim ya nuna wa ɗan'uwansa hanya a huta. Alƙasim ya ce shi mutum ne da kansa ya tafi, kararensa ma suna ƙasa, ina shi ina koya wa masu hankali. Kowa ya gane. Idris ya tashi ya durƙusa a gindin bedin, ya tona da hannu a gaban jama'a. Gara ta cinye kararen, sai ɓawo. Aka ce ƙa'ida ita ce ya miƙa goma sha biyu. Ya tafi dangar makwabta ya karyo kara, ya yanka su daidai, ya ajiye a gaban Alƙasim.

"To, nuna min."

"Ba shi da hanya," in ji Alƙasim. "Na sani tun ran da na zana shi."

Ya bi kusurwoyin huɗu da sandarsa, ya nuna layi biyar-biyar a kowace, ya yi bayani da bakinsa mai nauyi har ƙarshe, babu wanda ya katse shi. Idris ya miƙe yana cewa wannan zalunci ne, a yi musu hukunci. Malam Abdurrahman ya ce wasan taubasai ne, babu mai shiga.

Ranar Alƙasim ya zauna dara da hagu, kuma har yau yana zama. Rihewa dai bai sake ginawa ba. Idris ya dawo wasa, ciniki ma ya koma, sai dai bai yarda da bayanin ba. Yana cewa bawansa ɓoye hanyar ya yi don mugunta. In yana jiran layin dara ya zo kansa, nakan ga yatsansa yana yawo a ƙasa kusa da gwiwarsa, Alƙasim kuma yakan leƙa ya ce masa saura kaɗan.