Digirin Wata Tara

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar Larabar da na miƙe a ɗakin taron asibitinmu na yi wata tambaya da ta jawo aka ɗauke ni daga Gusau har shekara uku.

A lokacin shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya. Ina da rajista, ina da lasisi, amma ba ni da digiri, kuma abin ya fara ci mana rai ni da ire-irena. Waɗanda muka koya wa neman jijiya a hannun jariri su ne ke dawowa da digiri a ɗora su a kanmu. Hutun karatu kuwa layi ne da ba ya motsi. Ga 'ya'ya huɗu, ga maigida direba da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe, ba inda zan tafi in bar gida. Shi ya sa karatun digiri ta intanet ya kwanta mini. Na yi wata biyu ina duba makarantu a waya, ban tsayar da ɗaya ba tukuna.

Ana haka sai shugabar ma'aikatan jinyarmu, wadda duk muke kira Hajiya, ta tara mu ta ce ta samo mana mafita. Sai na faɗi matsayinta a wurina kafin a gane nauyin abin da na yi. Ita ta karɓi haihuwata ta fari. Da mahaifiyata ta rasu, kwana uku ta yi a gidanmu na Tsafe tana karɓar gaisuwa kamar 'yar gida. Ban taɓa yi mata musu ba, ko a kan jadawalin aiki.

Mu kusan talatin ne a ɗakin. Wani mutum mai farar shadda ya kunna na'ura yana nuna mana hotunan gine-gine a bango, ya ce wakilin wata jami'a ce ta ƙasar waje. Wata tara kacal, ba jarrabawa sai aikin gida, takarda kuma za ta iso har hannunmu. Aka yi tafi, aka fara raba fom. Ni ma sai da zuciyata ta ɗarsa, ba zan ɓoye ba. Amma binciken wata biyun nan ya koya mini abin da ake tambaya.

Na ɗaga hannu na miƙe. Na tambaye shi ko hukumar da ke ba mu lasisi a ƙasar nan ta amince da makarantar. Ya yi murmushi ya ce makaranta ce da duniya ta san da ita. Na ce ba duniya na tambaya ba, tunda ba ita ke sa hannu a ƙarin girmana ba. Na sake tambaya a wane asibiti za mu yi aikin gwaji, kuma wa zai duba mu. Ya ce ai mu gogaggu ne, ba ma buƙata.

"To in gogewarmu ta isa, me za ku ƙara mana a wata tara?" na ce. "Ciki ne?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, kuma wannan dariyar ita kaɗai ce nake nadama har yau. Na ga fuskar Hajiya ta canza.

"Zauna," ta ce.

"Hajiya, ban samu amsa ba."

Ta maimaita. Ban zauna ba. Na tsaya har mutumin ya koma nuna hotunansa kamar ba na wurin, sannan na ajiye fom ɗin a kan tebur na fita.

Da maigida ya ji labari ya ce in je in ba ta haƙuri, uwa ce. Na ce zan ba da haƙurin dariyar, ban da tambayar. Haka na yi. Na same ta a ofis na durƙusa, ta ce idan da gaske nake in ɗauki fom in cika, don fitar da na yi ta sa wasu sun fara ja da baya. Na ce ta gafarce ni, ko me ta sa ni a ɗakin marasa lafiya zan yi, amma wannan ba zan iya ba. Na miƙe na fita. Bayan mako biyu takardar canjin wurin aiki ta fito: wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke bayan duwatsun Kwatarkwashi. Ba wanda ya ce mini saboda taron ne, ni ma ban tambaya ba. Abokan aikin da muke cin abinci a kwano ɗaya suka koma gaishe ni daga nesa.

A wannan fushin na zaɓi makarantata. Jami'a ce ta gida, na tabbatar da sunanta a jerin waɗanda hukumarmu ta amince da su, na kuma nemi wata da ta gama a can muka yi magana. Darasi ta intanet, amma jarrabawa sai ka je da ƙafarka ka zauna a gaban mai sa ido, aikin gwaji kuma a babban asibiti. Shekaru ne, ba watanni ba.

Ƙauyen ba sabis ɗin kirki. Sai in sauke darussa a waya tun daga gida, in saurara a motar maigida da safe, a matse tsakanin 'yan kasuwar hatsi da Fulani masu ƙwaryar nono, ya sauke ni a bakin hanya in hau mashin. Darasin lissafin bincike ya kayar da ni, sai da na maimaita shi. A makon da na ga wannan sakamakon ne kuma aka turo mini hoton abokan aikina cikin rigunan kammala karatu, kowace riƙe da takarda mai zanen zinariya. Na shiga ɗakin ajiye magani na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito, don akwai mata masu awo a kan benci suna jira. Ko a ranar ban ce da na sani ba.

Da lokacin ƙarin girma ya zo aka tantance takardu, sai aka dawo wa abokan aikin nawa da nasu gaba ɗaya, aka ce ba a amince da makarantar ba. Lambar wayar mai farar shadda ta daina shiga. Na so in ce ban ji daɗi ba, amma na ji, na kwana biyu, har sai da na samu labarin cewa Hajiya ma ta cika fom ɗin. Ashe ba cin amanarmu ta yi ba. Shekara talatin tana aiki, burinta kawai ta yi ritaya da digiri.

Sai bayan na kammala an maido ni Gusau muka haɗu, a wani gidan suna a Bungudu. Ta riga ta yi ritaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta daɗe tana kallona.

"Da kin ja ni gefe kin faɗa mini, ɗiyata."

"Da na ja ki gefe, Hajiya, sauran ba za su ji ba. Mutum goma sha ɗaya ba su cika fom ɗin ba."

Ta ce ashe bakin nan nawa yana nan. Na ce yana nan. Ta matsa mini wuri a tabarma na zauna kusa da ita, muka ci tuwo a kwano ɗaya. Ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban nema ba.

Abin da na koya shi ne, girman wanda ya kawo maka abu ba ya zama shaidar abin. Ana iya son ka da gaske a miƙo maka kuskure. Yanzu duk ma'aikaciyar jinyar da ta zo mini da maganar digiri ta intanet, nakan ce ta tambayi wa ya amince da makarantar, ina ake jarrabawa, ina ake aikin gwaji. Ta tambaya da ladabi, ta bar ba'a, amma kada ta zauna sai an ba ta amsa.