Jinin Farar Saniya a Madubin Babarbare

Duk ƙasar Bauchi, daga Ƙofar Dumi har inda duwatsu suka ƙare, ba a taɓa yin mai ido irin nawa ba. A zamanin ƙuruciyata, idan ƙuda ya gifta ta bakin zaure, ina iya gaya maka ko ya karya kumallo. Kuma ni ne mutum na farko da ya dubi likitan da ya yi karatu a ƙasar Turawa ya ce masa ya yi kuskure, aka duba aka tarar haka ne. 'Ya'yana sun ji labarin nan har sun ƙoshi. Da zarar na ce "wata rana a ofishin dabbobi," sai kowa ya tuna bai yi la'asar ba. Ku kuwa ba ku da wurin gudu, tunda kun riga kun buɗe littafin.

Ana gab da samun mulkin kai aka ɗauke ni aikin gwaji a ɗakin binciken cututtukan shanu. Abin da muke nema shi ne sammore, ciwon da ƙudan tsando ke sa wa saniya ta yi ta ramewa har ta kwanta. A tsaga kunnenta kaɗan, a ɗiga jinin a kan ɗan gilashi, a sa a ƙarƙashin madubin likita, a leƙa. In akwai ciwon, za ka ga wasu 'yan halittu suna wutsil-wutsil a tsakanin jinin.

Baturen da na fara a hannunsa mutum ne mai sauƙin zama. Ya leƙa ya ce akwai, in leƙa in ce akwai. Ya ce babu, in ce wallahi fes. Ba mu taɓa saɓawa ba. Mu Fulanin gari ne, shanunmu sun ƙare tun zamanin kakana, amma fulako bai ƙare ba. Kawuna da ya rene ni tsohon masinja ne, ya kashe takalma da yawa a ofisoshin gwamnati, kuma darasi ɗaya ya fito da shi: babba ba ya kuskure, sai dai yaro bai fahimta ba.

Sai Bature ya fara haɗa akwatunansa. Aka ce wani ɗan ƙasa ne zai karɓi ɗakin, kuma shi zai yanke hukunci a kaina: ko ya tura ni kwas can wajen Jos in dawo cikakken ma'aikaci, ko ya sallame ni. In an sallame ni, Kawu ya riga ya yi magana da wani mai ɗinkin hula a Ƙofar Dumi. Ni kuwa na gama cika unguwa da cewa ni ƙaramin likita ne, har tsofaffi sun fara tare ni a lungu suna nuna mini gwiwa. Yaya za a yi ƙaramin likita ya koma zaure yana neman kafar allura?

Sabon likitan ya iso, wani dogon Babarbare da tsage a fuska, da tabarau, da kwat, da igiyar nan da Turawa ke shaƙe wuyansu da ita. Ranar farko ya miƙo mini gilashi. Na leƙa, na ɗago na duba fuskarsa ko zan karanta amsar, na tarar fuskar a rufe take kamar kanti ranar Juma'a.

"Me ka gani?" ya ce.

"Ranka ya daɗe, abin da ka gani."

"Ni me na gani?"

"Allah ya ba ka nasara, ai kai ka fi ni sani."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya tambaye ni ɗan gidan wa ne, na faɗa masa. Ya ce, "Uhm, Bafillatani."

Washegari ina shiga sai na ji, "A'a, bawana ya iso. Ɗan Fulani, yau saniyar wa aka sato?"

To, kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Kowane ya ce shi ne ubangijin ɗaya, a zagi juna a kasuwa, a yi dariya, ba mai riƙewa. Ni kaina a bakin kasuwa ba Babarbaren da ke wucewa ta gabana da hularsa daidai. Amma wannan ofis ne, mutumin nan kuma abincina yana aljihun kwat ɗinsa. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, an kwana lafiya."

Da yamma na kai wa Kawu labari. Ya ajiye buta, ya leƙa waje ko akwai mai saurare, ya rage murya.

"Tarko ne, ɗan nan. Na ga irinsa. Jira yake ka mayar masa, ya ce ba ka da ladabi, ya ɗauko ɗan ƙanwarsa daga Borno ya sa a kujerarka. Babarbare ba ya tafiya shi kaɗai. In ka ga ɗaya ya zauna, sauran suna hanya da tabarminsu."

"To in ya zage ni fa, Kawu?"

"Ka ce amin."

Haka aka yi ta yi. Kullum da sabon salo. Ya cire kwat, ya shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin, ya ce in zo mu ci abinci kwano ɗaya. Na ce azumin nafila nake yi, har na kusa zama waliyyi a wannan watan. Ya nuna wani ƙaton bijimi ya ce, "Wannan saniya za ta yi nono," na ce in Allah ya so. Ya juya ɗan madubin da ke tara haske ya kalli bango, ya ce yau ɗakin da duhu, na ce lallai hadari ne, alhali rana tana gasa ƙadangaru a kan dutse. Duk lokacin da na amsa, sai ya yi ajiyar zuciya, ni kuma in ce a raina na sake tsallake rami.

Wata Asabar sai ga shi a ƙofar gidanmu a kan keke, da riga da hula, da ƙullin goro a ganye. Kawu ya shimfiɗa masa buzu, amma ya zauna nesa, kamar mai jin ɗumin wutar da bai yarda da ita ba.

"Baba, na zo ganin inda bawana ke kwana," in ji Likita.

"Madalla, ranka ya daɗe," in ji Kawu, fuska ba annuri.

"Yaron nan hannunsa mai kyau ne. Bai taɓa fasa mini gilashi ba. Amma aikinmu ba kamar fada ba ne. Ido biyu ake so su duba abu ɗaya, domin in ɗaya ya ɓata ɗaya ya kamo shi. Wanda ba ya musu da ni ba shi da amfani a wurina. Ku da kuka ɗinke bakin, ku taimaka ku warware."

Yana tafiya Kawu ya ce, "Ka ji ko? Da bakinsa ya faɗa, ba ka da amfani." Goron kuwa ba mu taɓa shi ba, don Barebari ba a raina su a sha'anin rubutu da tofi. Kawu ya aika wa maƙwabcinmu da suke rigimar katanga, ya zuba ido. Mutumin ya cinye goro tas, ya ƙara ƙiba, har ya dawo yana tambaya ko akwai saura.

Lokacin gwajina ya kusa cika muka fita wata ruga a wajen Yelwa. Yanzu wurin duk ɗakunan haya ne da ɗalibai, amma a lokacin daji ne, kura ma sai ta yi tunani kafin ta shiga. Ana gwada wani sabon magani ne, an yi wa shanun rugar allura kwanakin baya, mun zo mu ga ko ya ci. Likita ya nuna wata farar saniya, mai shanun, wani dattijo, ya jawo ta ya ce ita ce uwar garkensa. Ta rame, gashinta a tsaye, idonta yana zubar da ruwa.

Muka kafa tebur a gindin tsamiya. Likita ya ɗebi jinin, ya ce wa dattijon, "Baba, a taimaka mana da ɗan nono." Dattijo ya tafi, muka rage mu biyu da saniya. Likita ya leƙa madubi, ya miƙe, ya kaɗe hannu.

"Fes. Magani ya ci. Ba sai an ƙara mata allura ba. Ɗan Fulani, leƙa ka sa albarka mu tafi."

Na leƙa. Jama'a, kasuwar Juma'a na gani. Suna sama, suna ƙasa, suna ture juna, wasu har kamar suna ɗago mini hannu.

Na tsaya da ido a madubi ina lissafin duniya. In tarko ne, to ina bakinsa? In na ce fes, ƙila abin da yake jira ke nan ya ce makaho ne ni. In na ce akwai, na ƙaryata babba a fuskarsa, ɗan ƙanwarsa ya naɗe tabarma ya taho. In kuma da gaske bai gani ba, to ya fi muni, don ba wanda ke yafe wa yaron da ya ga abin da ya wuce shi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ko dai rana ce ta yi yawa a madubin?"

"Rana lafiyarta ƙalau. Akwai ko babu?"

"Kamar dai... wato..."

Ya fara mayar da allura cikin akwati. "Bar shi. Laifina ne da na tambaya. Bafillatani me ya sani game da saniya, ban da ya kora ta cikin gonar mutane? A sake ta kawai."

Daidai nan saniyar ta juyo ta dube ni. Na san za ku ce ƙari ne, amma kallon kakata ta yi mini. In aka sake ta haka, ba za ta ga kaka ba, dattijon nan kuma zai yi ta yi mana godiya har ranar da za ta faɗi. Ban san lokacin da bakin kasuwa ya ƙwace wa bakin ofis ba.

"Kai dai Babarbare, tabaran nan na ado ne? Yashin Borno ya gama cinye maka ido. Ga su nan suna kokawa kamar tarwaɗa a tafkin da ya kusa ƙafewa, ka ce fes? Dama haka ake yi in aka ba bawa kayan ubangijinsa ya riƙe."

Ni kuwa na hango kaina a zauren mai hula, zare a baki. Likita ya sunkuya ya sake leƙawa, ya ce, "Ashe." Ya fito da allura ya yi wa saniya, da dattijo ya kawo nono ya gaya masa za mu dawo mu sake dubawa, muka sha. Muna isowa gari na kai wa Kawu labari.

Kawu ya ce, "Ka faɗa tarko. Gobe ka je ka gai da mai hula."

Na dai tafi ofis da safe don in kwashe butata. Na tarar an jera gilasai a kan tebur, an kuma juya kujerata ta fuskanci tasa.

"Daga yau kai za ka fara leƙawa," in ji shi. "Ka faɗi abin da ka gani kafin ka dubi fuskata. In mun saɓa, mu sake ɗibar jini. Wanda ya faɗi shi ne bawa a ranar."

Muka yi ta musu har ƙarshen gwajin. Wani lokaci in ce akwai, ya nuna mini ƙura ce ta faɗa gilashin. Wani lokaci in kafe, a sake ɗiba, a tarar ni ke da gaskiya. Ya fi ni ci, amma ni nawa na fi tunawa. Idan dattawa suna wurin, sai in ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara dubawa," shi kuma ya gane. Idan mu biyu ne, ba sunan da ba na kiransa. Maganin nan ma a ƙarshe aka gane ba ya kashe ciwon duka da allura ɗaya, farar saniya kuwa ta tashi har ta haihu.

Da aka ce ni aka tura kwas, Kawu bai saki jiki ba. Ya ce, "Jos akwai sanyi. So yake sanyi ya yi masa aikin." Amma ya raka ni tashar mota da bargo, har ya karɓi goro daga hannun Likita ya sa a aljihu, ban dai ga ya ci ba.

Ina kan buhuna a bayan mota, fasinjoji sun kewaye ni, na fara ba su labarin yadda idona ya kamo abin da likitan ƙasar Turawa ya kasa gani. Na kai inda halittun suke ƙanana ƙwarai, har sai mai baiwa, ban lura Likita yana jingine da motar yana ji ba. Ya ɗago ya gyara tabarau.

"Ɗan Fulani, abin da ke cikin jinin nan, jakin Borno ma da ya leƙa zai gani. Na zaɓi saniyar da ta fi kowace ciwo ne don in buɗe bakinka. Yanzu kuma ina neman wanda zai koya mini yadda ake rufe shi."