Yadda Aka Mayar da Babana Hoton Bango

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi, yau dai na ga gara ni ma in sauke abin da ke raina. Don Allah a sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce, ina aiki a wani kamfanin ɗab'i a Sharada, inda ake buga kwalayen biskit da na sabulu da kalandu. A sashen ƙarshe nake, mu ne masu naɗewa da manna gam da ɗaurewa. Muna zaune a Panshekara ni da Babana, a ɗaki biyu na haya, domin mahaifiyata ta rasu, yayyena kuma kowacce tana gidan mijinta. Baba gadin rana yake yi a wani kamfanin fata a Challawa. A unguwa Malam ake ce masa, saboda ba ya rasa sahun farko, kuma shi ke share masallaci. Abin da 'yan unguwa ba su sani ba shi ne, a ƙuruciyarsa Baba gardi ne. Ya yi yawon kasuwanni da kura da birai da macizai, tun daga ƙauyenmu na Jigawa har Kudu, yana wasa yana sayar da magani. Tun ina ƙarama ya bar sana'ar, ya ba da kurarsa, ya ƙone warkinsa, bai sake ɗaga maganar ba. Ni ma ban taɓa gaya wa kowa a wurin aiki ba, don na san bakin 'yan matan sashenmu.

Mai kamfanin dattijo ne da ba kasafai muke ganinsa ba. Ɗansa ne ke juya komai, Oga muke ce masa. Ya yi karatu a ƙasar waje, ya dawo da wata sha'awa da ma'aikata ke gulmarsa a kai, wato tara hotunan bango na 'yan dabo da masu wasa da namun daji. Wata rana shugabar sashenmu ta aike ni sama in kai masa samfurin kalanda, na ga abin da idona. Bangon ofishin kaf hotuna ne cikin firam da gilashi. Ga wani Bature da doguwar hula yana zaro zomo daga cikinta, ga wani ya cusa kansa a bakin zaki, ga mace tsaye a bayan giwa. Can kusa da taga aka jera na gida, 'yan tauri da masu wasa da wuta. A cikinsu na hango wani ƙato, ƙirji a buɗe cike da layu, ya riƙe sarƙa, kura ta miƙe tsaye ta ɗora masa ƙafafu a kafaɗa. Tabon da ke gefen girarsa na fara ganewa kafin fuskar. Ban san lokacin da bakina ya ce wannan ai Babana ne ba.

Oga ya ajiye wayarsa. Mutumin da bai taɓa amsa gaisuwata ba ya nuna mini kujera, ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce a waje ya sayi hoton, kuma ya tambaya har ya gaji, babu wanda ya san ko wane ne a ciki. Da na ce masa Baba yana raye, sai da ya tashi tsaye don murna.

Ba a jima ba motarsa ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gai da Baba, ya zauna a tabarma, sannan ya miƙa masa kwafin hoton cikin firam. Da farko Baba ya murtuke fuska yana hararata. Amma da ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo, sai na ga fuskarsa ta saki. Ya faɗi sunan kurar, da kasuwar da aka ɗauki hoton, da yadda ya kamo ta tana 'yar ƙarama a ramin uwarta. Ranar na ji labaran da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni. Oga ya ce yana so ya buga jerin hotunan gwarazan wasan Hausa don kada tarihinsu ya ɓace, kuma abin da yake nema kaɗan ne: Baba ya sa babbar rigarsa ya tsaya kusa da kura mai takunkumi a baki, a ɗauki hoto, shi ke nan. Baba ya ce shi fa ya bar wannan harka. Oga ya ce ai ba wasa za a yi ba, karramawa ce. Bayan ya tafi Baba ya tambaye ni me na gani. Na ce masa ni ban ga aibu ba, Oga mutumin kirki ne. Wannan amsar ita ce har yau take cin raina.

Ranar wata Lahadi da hantsi direba ya kai mu wani tsohon sito a Bompai. Ina zaton mu kaɗai ne da mai ɗaukar hoto. Sai na tarar an jera kujeru, abokan Oga da matansu sun cika su, ana ta raba lemo da nama. An kafa manyan fitilu, an rataya farin ƙyalle a bango. A gefe ga wani gardi magidanci riƙe da kurarsa, ramammiya, sarƙa ta ci mata wuya har ya yi gyambo. Baba ya dube ta sau ɗaya ya ce wannan dabba yunwa take ji. Mai kurar ya sunkuyar da kai, ya ce umarnin Oga ne kada a ba ta komai tun shekaranjiya, wai don ta yi kuzari a hoto.

An ɗauki hotuna kaɗan da babbar riga, sai Oga ya ce rigar ta kashe hoton, Baba ya fito kamar limami. Ya sa aka buɗe wata jaka, sai ga warki da akayau da layu, sababbi fil, da gani daga kasuwa aka sayo su. Baba ya juyo ya kalle ni. Kafin in buɗe baki baƙin nan suka ɗauki tafi suna kiransa sarkin gardawa, ni kuma na kau da kai, ga ogana tsaye a gabana. Baba ya shiga bayan wasu kwalaye ya fito. Edita, ban taɓa ganin jikin mahaifina haka ba. Haƙarƙari a waje, fata ta saki, warkin ya yi masa yawa sai da aka ɗaure da igiyar leda. Wata mata ta rufe baki da mayafi tana dariya. Oga ya riƙa juya shi, yana ɗaga masa haɓa da yatsa, yana cewa ya zare ido, ya buɗe haƙora.

Daga nan ya ce a cire takunkumin, domin a tsohon hoton babu shi, masu saye za su ce wannan na bogi ne. Mai kurar ya ƙi, ya rantse ko shi ba zai sake mata baki a wannan hali ba. Oga bai yi masa musu ba. Wurin Baba ya juya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ko dai labaran da kuka ba ni duk ƙari ne? In tsoro kuke ji ku faɗa, a ba ku rigarku, mu nemo wani."

Baba ya tsuguna a gaban kurar, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya kai hannu bayan kunnenta ya kwance igiyar. Ta tsaya cak tana shinshinarsa, har na fara sakin numfashi. Sai hasken kamara ya walƙa mata a ido. Ta cafke hannunsa na dama sama da wuyan hannu, na ji ƙara kamar ana karya rake. Baba bai yi ihu ba, salati kawai yake yi. Na zabura zan je wurinsa, Oga ya damƙe hijabina ta baya ya riƙe, yana ce wa mai hoto ya ci gaba, kada ya tsaya. Baƙi sun hau kan kujeru, amma wayoyinsu na sama suna ɗauka. Mai kurar ne kaɗai ya yi wani abu, ya dinga maka mata kulki a ka har ta saki. Daga baya na ji kurar ba ta kwana da rai ba.

Ba a sa Baba a motar Oga ba saboda jini. A bayan motar kayan da ta kawo kurar muka tafi asibiti, kansa a cinyata. Likitoci suka ce ƙashin ya dagargaje, aka yanke hannun ƙasa da gwiwar hannu. Oga ya zo sau ɗaya da ledar lemon zaƙi, ya biya kuɗin tiyata. Da zai tafi ya kira ni baranda, ya ce kowa ya ga Baba da hannunsa ya kwance takunkumin, ga bidiyo nan a wayar kowa, saboda haka kada in bari wani ya zuga ni. Ya ce aikina yana nan yana jirana.

Na koma aikin, domin an sallami Baba daga gadi, haya da magani sun dawo kaina. Kafin ma a sallamo mu daga asibiti bidiyon ya zagaye Panshekara. Ranar da Baba ya fara fita masallaci, yara suka bi shi a baya suna kukan kura. Waɗanda suka yi shekaru suna ce masa Malam suka koma ce masa mai kura. Wasu dattawa suka ce ashe da ma mai layu ne yake ɓoyewa a sahun farko, babu wanda ya tambaya wa ya rataya masa su. Wani ya ɗauki tsintsiyar masallaci, Baba kuma ya koma yin salla a ɗaki.

Ina tsammanin abin ya ƙare a nan, sai wata safiya aka turo mana sabon aiki a sashenmu, takarda mai kauri mai sheƙi, aka raba mana farar safar hannu don kada mu ɓata ta. Da na ɗaga ta sama sai na ga Babana. Ba hoton babbar riga aka zaɓa ba, ba kuma na tsayuwa ba. Yana durƙushe a ƙasa, hannunsa cikin bakin kura, bakinsa a buɗe, idonsa ya juyo gefen da nake tsaye. A ƙasa an rubuta da Turanci wai gardi na ƙarshe. Shugabar sashenmu ta so ta mayar da ni wurin kwalayen sabulu, aka aiko daga sama cewa ni Oga yake so in naɗe su, wai na fi kowa sanin darajarsu. Na naɗe su ɗaya bayan ɗaya ina zurawa a bututun kwali, waɗanda za su Legas daban, waɗanda za su waje daban. Kowanne yana da lamba a kusurwa, kusa da lambar kuma an dangwala babban yatsa da jar tawada.

Da na koma gida ban ko cire hijabi ba na kama hannun Baba na hagu. Tawadar tana nan a ƙarƙashin farcensa. Ya ce direba ne ya zo da hotunan wata rana ina wurin aiki, ya ce masu saye suna son sa hannun wanda ke cikin hoton, tunda kuma hannun babu, yatsa ma ya isa. Direban ya ƙara da cewa Oga yana gaisuwa, yana fatan 'yar Baba za ta ci gaba da jin daɗin aiki. Baba ya gane saƙon. Ya zauna a tabarma ya dangwala su duka, yana kallon kansa a kowanne. Na fashe da kuka na tambaye shi don me. Ya zare hannunsa daga nawa ya ce:

"Na ba su hannu guda, yatsa ne zan hana su? Ke dai ki riƙe aikinki."

Ban riƙe ba. Washegari na hau sama ba tare da an kira ni ba, na gaya wa Oga duk abin da ke bakina. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce tsoho da ba wanda ya san da shi yanzu fuskarsa tana bangon manyan gidaje, kamata ya yi mu yi godiya, sannan ya sa maigadi ya raka ni bakin ƙofa. Na zaci Baba zai ce na yi daidai. Da na gaya masa sai ya ce ashe dangwalen nan ma a banza ya yi shi. Ranar ce kaɗai na ga hawayensa, ko a asibiti ban gani ba.

Bai ƙara wata guda a Kano ba, ya koma ƙauye wurin ƙanensa, inda babu mai yi masa kukan kura. Can Allah Ya yi masa rasuwa bayan damina biyu. Ni yanzu ina wani kamfanin leda a Challawa.

Abin da na koya, Edita, shi ne mutum zai iya durƙusa maka ya cire takalmi, alhali ba kai yake gani ba, abin da zai rataya a bango yake gani. Ina jan kunnen duk mai tsoho a gida wanda ya taɓa yin wata sana'a ta bajinta: in aka zo da kamara da daɗin baki, ku tambayi ina za a kai shi, su wa za su kalla, me za a sa shi ya yi. In kuka ga an fara canza magana, ku kama hannunsa ku fita, ko da ogan da ke ba ku albashi ne a tsaye. Tsoho yana iya jure yunwa da ciwo, amma da wuya ya jure a ce masa matsoraci a gaban 'yarsa, mugaye kuma sun san haka.

Ku kuma masu saye da masu turawa a waya, in wani ya ci karo da wannan hoto a ofis ko a otal, ya sani mutumin da ke ciki uba ne kuma kaka, ya yi masa addu'a. Har ya bar duniya bai taɓa yarda wani ya ɗebo masa ruwan alwala ba. Da hannu ɗaya yake jan guga, yana taka igiyar da ƙafa.